Ranar Da Na Kasa Fitar Da Yaya Daga Fili

Yanzu idan za a fitar da ɗan ƙwallo daga fili, allo mai wuta ake ɗagawa, lambarsa ta fito ja, ta mai shiga ta fito kore. Ba wanda zai buɗe baki ya ce masa uffan. Sai ka ga ƙato mai gemu ya juyo yana tafi, ya miƙa wa sa'an ƙaninsa hannu, ya je ya zauna a lulluɓe shi da bargo. Har mutum biyar ake canzawa a wasa ɗaya. Ina kallon wannan a gidana na Stains, can gefen Paris, tare da jikokina, ko in ce a kusa da jikokina, don kowanne idonsa na kan wayarsa yana musu da mutanen da bai taɓa gani ba. Ni kuwa duk sa'ad da aka ɗaga allon nan sai gabana ya faɗi. A zamaninmu babu allo. In za a fitar da mutum, kai kapiten kai za ka taka har gabansa, ka dubi idonsa, ka ce masa ya fita. Wata rana wannan aiki ya faɗo kaina na kasa, kuma wani ne ya ɗauki nauyin kasawar tawa a ƙafarsa har ya koma ga Allah.

Daga Damagaram na zo karatu Villeurbanne, wani gari manne da Lyon a Faransa, da akwatin ƙarfe ɗaya da takalmin da bai san sanyi ba. A lokacin babu tram, jirgin nan mai bin titunan cikin gari, bas muke hawa ko mu taka da ƙafa. Ɗakunanmu na 'yan makaranta ƙanana ne, in ka miƙe hannu biyu sai ka kusa taɓa bango da bango. Abin da na fi tunawa shi ne ƙararraki. Bututun ɗumama ɗaki yakan yi ƙwas-ƙwas da sassafe kamar wani na ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai ƙarar silifa a dogon baranda, da rediyon wani ɗan Kamaru da ke kamo tashar gida yana sakinta, da murfin tukunya yana rawa a madafar da dukanmu muke tarayya a kanta. Ran Lahadi da safe wanki muke yi a kwamin wanke fuska, mu shanya a kan bututun nan, ɗaki ya cika da tururi da warin sabulu. Da rana a tuƙa tuwon semul, wato tsakin alkama, a kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa ko kukar da wani matafiyi ya kawo a ƙulle cikin tsumma. Mu goma sha, tire ɗaya, kuma ba mai sa hannu sai babba ya sa. Yaran yanzu da ke zaune a irin ɗakunan nan, an ce mini a waya suke kiran abinci, a kawo wa kowa nasa a kwali ya rufe ƙofa ya ci.

Babban namu mutumin Cadi ne, ya girme mu da kusan shekara goma, yana rubuta babban kundinsa na ƙarshen karatu da ya ƙi ƙarewa. Ba mai kiran sunansa, Yaya muke ce masa, har Turawan gidan suka ɗauka sunansa ke nan. Duk baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa, Yaya ne zai tarye shi. Ni ma shi ya tarye ni, ya dubi rigata ya girgiza kai, ya cire kwat ɗinsa ya ɗora mini, ya tako har gida cikin iskar nan da 'yar shara. Shi ya nuna mini alƙibla a ɗakina, shi ya raka ni wajen takardun zama, shi ya zauna a kaina kwana uku da zazzaɓi ya kayar da ni. In mun ɓata masa rai sai ya yi dariya ya ce babba juji ne, kowa ya zo ya zubar. In ya ga wani na gaggawar sauke tukunya sai ya ce, “Bar shi ya turara, tuwo bai son mai sauri.” Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, shi ya sa ma muka fi jin nauyinsa.

Muna da ƙungiyar ƙwallo, ta 'yan Afirka na gidajen ɗalibai. Ba mu da mai koyarwa, ba mu da riga iri ɗaya sai da muka rina farare a bokiti suka fito kowace da nata shuɗin. Yaya ne ke tsare mana baya. Ba shi da gudu, amma ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba. Shi ya kamata ya zama kapiten, sai ya ƙi. Ya yago ƙyalle daga tsohon zanen gado ya ɗaura mini a dantse da hannunsa, ya ce, “Kai ke tsakiya, kana ganin gaba kana ganin baya. Abin da ka ce shi za mu yi, har ni.” Na ji daɗin maganar ƙwarai, na yi kwanaki ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Ban tsaya na auna wannan “har ni” ɗin ba.

A gaba kuma muna da Ɗan Garwa. Siriri ne, mai surutu, mai tsokana, ba ya shan shayi sai da sukari huɗu. A aji injiniyanci yake karantawa, amma Allah a ƙafa ya ajiye masa baiwarsa. In ya ɗauko ƙwallo sai ka ga masu tsaron baya suna ja da baya suna kallon juna. Ya yanke mutum, ya jira shi ya tashi, ya sake yanke shi, mu kuma muna ihu ya bari hakanan ya buga. Akwai wani Bature mai hular ulu daga wani kulob na cikin gari da ya zo kallonsa sau biyu, har ya yi masa maganar gwaji bayan an gama gasar. Ni da shi kamar harshe da haƙori muke, kullum faɗa kullum tare.

Shekarar nan muka kai wasan ƙarshe na kofin gidajen ɗalibai, abin da ba mu taɓa yi ba. Da 'yan makarantar injiniyoyi muka kara, ƙarti masu riga iri ɗaya da mai koyarwa da jakar magani. Ranar Asabar ce da rana, an kwana ana ruwa, fili ya yi taɓo a sama, ƙasan kuma tauri kamar daɓe. 'Yan'uwa sun zo har daga kasuwa, wani ya kawo tukunya yana kaɗawa da ludayi. Kafin hutun rabin lokaci Ɗan Garwa ya zura musu ɗaya. Muka riƙe ɗaya da nema har ya rage kamar minti goma. Canji biyu aka yarda a yi a wasa, mun riga mun yi ɗaya. A bakin layi akwai wani dogo ɗan garin Tawa, mai tsaron baya ne, sabon jini, ya ɗaure takalmi yana tsalle-tsalle yana dubana.

Tun da aka dawo hutu na lura Yaya na ɗingishi. Gwiwarsa ta dama ta kumbura har ana gani daga nesa. Su ma sun lura, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk ƙwallon da suka samu sai su jefa ta ɓangarensa, wani ɗan saurayi mai jan gashi ya bi ta da gudu. Da ƙwallo, ko balo yadda muke ce mata, ta fita waje, Ɗan Garwa ya sheƙo tun daga gaba ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya.

“Kapiten, fid da Yaya. Gwiwar ta tafi. Sa ɗan Tawa, ni kuma ka bar ni a gaba in ƙara musu na biyu, shi ke nan an gama.”

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na juya na nufi Yaya. Tazarar ba ta fi taku ashirin ba, amma a cikin takun nan na tuna kwat, na tuna zazzaɓi, na tuna tire. Ga mutanen kasuwa a tsaye suna kallo. Ta ina zan ce wa mutumin da ban taɓa sa hannu a abinci kafin shi ba ya fita, a sa yaro a wurinsa? Na isa gabansa, ya dafa gwiwa yana haki, ya ɗago ya dube ni.

Na ce, “Sannu, Yaya.”

Ya ce, “Yauwa, Kapiten.”

Bai sauke idonsa ba, jira yake. Shi babba ne, ba zai ce ya gaji ya bar ƙanne cikin wuta ba. Ni kuma ƙarami ne, bakina ya yi nauyi. Abin da ya fito shi ne, “Saura kaɗan, Yaya, a daure.” Ya gyaɗa kai. Na koma wurin Ɗan Garwa na ce masa ya dawo baya ya tsaya kusa da Yaya, gida za mu rufe, kowa ya koma. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya tofar da yawu ya tafi inda na ce.

Ba a yi minti uku ba mai jan gashin nan ya wuce Yaya. Ɗan Garwa ya bi shi. Mutumin da duk rayuwarsa shi ake kai wa ƙafa, bai taɓa koyon yadda ake kai wa wani ba. Ya zube da ƙafa ɗaya a gaba, ɗayar ta maƙale a taɓo, yaron ya faɗo a kanta da dukan nauyinsa. Na ji ƙarar daga tsakiyar fili, kamar an karya busasshen icce a gwiwa. Mai kaɗa tukunya ya tsaya. Aka ciccibe shi aka fitar, ɗan Tawa ya shigo a wurinsa, Yaya kuma yana nan a fili da gwiwarsa. Suka farke, suka ƙara, aka hura usur. Ba wanda ya damu da kofi a cikinmu, duk asibiti muka nufa da rigunanmu masu laka.

Wuri biyu ƙashin ya karye, aka sa masa ƙarafa, ƙafar ta warke ta gajarce. Bature mai hular ulu bai sake zuwa ba. Yaya kullum sai ya tuƙa tuwo ya naɗe kwanon da tawul ya kai asibiti, ya zauna a gefen gado. Bai sake taɓa ƙwallo ba. Ni kwana huɗu na yi ban iya shiga ɗakin ba, sai in tsaya a baranda in juya. Ran na biyar na shiga, na shirya a zage ni, na ma fi son a zage ni. Ɗan Garwa ya dube ni daga kan matashi ya ce:

“Kapiten, dabararka ta banza ce. Ana ɗaya da nema ba a komawa gida, na biyu ake nema. Matsoraci ba ya zama gwani.”

Bai ambaci Yaya ba, bai ambaci ƙafa ba. Ni kuwa na cafke maganar kamar wanda ruwa ya ci aka miƙo masa reshe. Na ce ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, duk mai hankali in saura minti goma gida yake rufewa. Ya ce rufe gida shi ne gayyatar ɓarawo. Na ce in mun fita gaba suka kama mu a buɗe fa? Muka yi ta yi har ma'aikaciyar asibiti ta leƙo ta ce mu rage murya. Musun da ya ci mana fiye da shekara arba'in ke nan, a ɗakin nan aka haife shi.

Yaya ya gama kundinsa ya koma gida. Wasiƙa biyu muka samu daga gare shi, sai ƙasarsu ta rikice, sai shiru, sai wani matafiyi ya kawo mana labarin rasuwarsa. Ɗan Garwa ya zauna a Lyon, ya yi aiki a masana'anta, ya yi aure ya hayayyafa. Ni na bar karatun na gangaro Paris, na shiga harkar aika kaya gida a unguwar La Goutte d'Or, a nan gashina ya yi fari. Amma musun bai tsufa ba. In ya zo Paris suna ko ɗaurin aure, sai mu zauna a wani gidan abinci na unguwar, ya jera ƙwayoyin sukari su ne mu, kofunan shayi su ne injiniyoyi, ya tura wannan nan ya ja wancan can. 'Yan kasuwar Maraɗi da na Kano da ba su ga wasan ba, wasu ma ba a haife su ba lokacin, suka rabu biyu, masu rufe gida da masu kai hari. Mai gidan abincin ya ce sai ya fara ɓoye sukarinsa. A waya kuwa gaisuwarmu ba ta da tsawo. “Lafiya? Iyali? Madalla. Bon, Alhaji Kapiten, jiya ka ga wasan nan? Ka ga abin da ya sami waɗanda suka koma gida?” In kuma masu kai hari ne aka kama, ni zan riga shi kira. Matanmu sun gaji har suka daina yi mana magana, in mun fara sai su kwashe kwanuka su koma ciki.

Mutane sun ɗauka raha ce, kuma akwai rahar. Amma ni na san abin da nake karewa. In dabarar daidai ce, to karayar ƙaddara ce kawai, irin wadda ke samun kowa a fili. In kuwa ba daidai ba ce, ni na karya shi. Na kuma san cewa ba wata dabara da na yi a ranar nan, kunya ce ta kama ni na sa mata suna dabara. Duk sa'ad da na je taryarsa a tasha na hango shi yana tahowa, kafaɗa ɗaya na sauka tana hawa, takalminsa na hagu mai kaurin ƙasa, sai in ji kamar in nutse. Yana isowa sai in ce masa ya tsufa, ya ce ni na fi shi, mu kama musu. Sau da yawa na shirya maganar a bakina tun daga gida. Ko sau ɗaya sunan Yaya bai shigo cikin musun ba, daga ni har shi.

Bara da kaka Hajiya matarsa ta kira ni. Ta ce ciwon da yake fama da shi ya ci ƙarfinsa, likitoci sun sallamo shi gida, kuma yana tambayata. Washegari na hau jirgin safe. Daga tasha na shiga tram, ya bi ta cikin makarantarmu. Na manna fuska a gilashi ina neman filin, ban gan shi ba. Wani dogon gini ne a wurin, mai tagogi tun daga ƙasa har sama, ɗalibai na shiga suna fita da abin sauraro a kunne. Na kasa ma gane inda raga take a da. Wata yarinya ta tashi ta ba ni kujera, na zauna.

Na same shi a kwance a falo an kafa masa gado kusa da taga, ya rame har zoben hannunsa na yawo. Muka gaisa, wannan karon doguwar gaisuwa irin ta gida, ya tambayi kowa da sunansa. Hajiya ta ajiye shayi ta fita. Na ce a raina ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ce, “Malam, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Ranar nan ba dabara ba ce. Ka ce in fid da Yaya, na je gabansa na kasa. Na ɗauke ka daga inda Allah ya ajiye ka na kai ka ka tare mini kunyata. Ni na karya maka ƙafa. Ka yafe mini don Allah.”

Ya ɗaga ido ya dubi silin. Can ya ce, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi:

“Kapiten, da balo ta fita, a ina Yaya yake?”

Na ce yana baya.

“Ni kuma da na taho daga gaba, ba sai da na bi ta kusa da shi ba, garin ɗauko balo? Taku biyu ne tsakaninmu. Da na ga dama sai in ce, Yaya ka huta. Me ya sa na wuce shi na zo wurinka?” Ya yi tari. “Nawa bakin ma bai iya ba. Na kawo maka ne ka ɗauka. Da ni aka ɗaura wa ƙyallen nan, wallahi ni ma sannu zan ce masa in dawo. Ba abin da zan yafe. Kuma rufe gidan ma, bon, ba laifi ba ne. Kana da gaskiya.”

Na zauna na rasa inda zan sa kaina. Shekara arba'in da wani abu ina jiran wannan kalma, da ta zo sai na ji tsoro ya rufe ni. Mutumin nan bai taɓa bar mini ko taku ɗaya ba, ko ran sunan ɗansa na fari sai da ya ce mini matsoraci a gaban liman. Ban sani ba ko gaskiyar zuciyarsa ya faɗa, ko kuwa guzuri ne ya ga ina bukata ya ba ni. Abin da na gane kawai shi ne sallama yake yi.

Na ce, “Ƙarya kake, Ɗan Garwa. Ana ɗaya da nema wa ke komawa gida? Na biyu ake nema. Da na bar ka a gaba da ka ƙara musu. Rufe gida gayyatar ɓarawo ne, kai ka faɗa da bakinka.”

Na ɗauko duk hujjojinsa na jera masa ɗaya bayan ɗaya, ko zai harzuƙa ya tanka mini. Murmushi kawai ya yi, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya lumshe ido. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa.

Bai kai mako ba. Muka yi masa sutura, muka kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabartar bayan gari, 'ya'yansa suna karɓar gaisuwa rabi da Hausa rabi da Faransanci. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Yaya, ya sa sun huta. Mu uku ne muka san abin da ya faru a minti goman nan. Biyu sun tafi, an bar wanda ya kasa buɗe baki shi ke ba da labari.